Baƙon Cikin Salansa

Rana ta yi ja a bayan gonakin raken Dandamisa lokacin da Maiwada ya ja igiyar injin nomansa. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Ƙarami ne, mai shan fetur, irin wanda ake riƙe hannayensa biyu ana bin sa a baya yana kaftar ƙasa. Tun farkon damina yake jingine a zaure, ga maƙwabta har sun dasa tumatir a fadama.

Gidan na mutum biyu ne. Tun rasuwar matarsa Kulu, daga Maiwada sai 'yarsu Mukarrama. Ita ce 'yar fari, shi kuwa ya riƙe kunyar 'yar fari yadda ya gada: bai taɓa kiran sunanta ba, ba ya zama inda take zaune. Da Kulu ce ke kai magana tsakaninsu. Da ta tafi, magana ta rasa ɗan aike. Sai ya ce "ke", ta ajiye tuwo, ta koma ɗaki.

Inji dai ba ɗan fari ba ne, saboda haka shi ake yi wa hira.

"To, yau kuma me na yi maka?" in ji Maiwada.

Ya kwance filogi, ya same shi baƙi ƙirin. Ya goge, ya manna shi jikin ƙarfe, ya ja igiya, ga wuta shuɗiya. Ya sunsuna tanki, ya ji fetur ɗin ya tsufa. Ya juye shi, ya wanke kafireto, ya wanke soson iska ya matse. Injin ya tashi, ya yi ta haki kamar an toshe masa hanci, ya mutu. Ana kiran magariba dutse ya faɗo a kan kwanon zaure.

Gaskiya unguwar ba ta rasa yara masu ƙarfin hannu ba. Sai dai jifan ba ya zuwa sai Maiwada ya ɗauki sifana, kuma in ya leƙa waje babu kowa sai awaki. Haka aka yi ta yi, kullum da almuru.

Wata magariba ya dawo daga masallaci ya tarar da Mukarrama zaune a zaurensa, inda ba ta taɓa zama ba, ta ɗora tafinta a bakin salansa, bututun hayaƙin injin. Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido. Wannan ya fi jifan ba shi tsoro.

"Ka daina taɓa mini ɗaki," ta ce, da muryar wani tsoho.

Ta daina ci. Ta daina amsa ko da "ke" ɗin. Maiwada ya dafa wa kansa shinkafa ta ƙone, ya zauna yana sauraren gidan, ya gane cewa ashe har shirun da ya saba da shi na mutum biyu ne.

Malam Ashafa, mai ruƙiyya da Maiwada ya aika a kira, ya zo daga Hunkuyi bayan la'asar, mutum ne mai sanyin murya da ba ya gaggawa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya yi ta karatu a kunnenta har inuwa ta cinye tsakar gida. Can jikinta ya ɗauki rawa.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Baƙo. An sare kurminmu an shuka masara. Na zagaye garin nan ban ga gida mai shiru kamar wannan ba, na shiga ƙarfen can na kwanta."

"Ita kuma me ta yi maka?"

"Na ji ta a madafa tana magana ita kaɗai, na amsa mata. Da wani ne ke amsawa?"

Maiwada ya sunkuyar da kai.

"Ka ji tsoron Allah ka fita," in ji malam.

"Zan fita. Amma tun zuwana ban ji an kira ta ba, na ɗauka ba ta da mai ita. In tana da shi, ya kira ta in ji."

Malam ya waiwayo. Maiwada ya ce cikin raɗa, "Allah gafarta malam, 'yar fari ce."

"Ni ma ina da ita. Amma tawa uwarta na nan."

Maiwada ya matso kusa da ita. Sunan na bakinsa tun ranar da liman ya raɗa shi, bai taɓa fitowa ba, kuma da ya fito ɗin da ƙyar ya fito.

"Mukarrama."

Ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kife. Da ta ɗago, ta gyara ɗankwali, ta kau da ido kamar yadda ta saba.

"Na'am, Baba."

Da safe Maiwada ya kwance salansa, ya zura waya a ciki. Gidan zanzaro ne ya zubo, busasshen laka cunkus, wanda ya hana hayaƙi fita. Maiwada bai kai wa malam wannan labarin ba. Ya mayar da salansar, ya ja igiya, injin ya ɗauki ruri har kaji suka watse.

Har yau ba ya iya kiran sunan sai injin na ruri, yadda ko shi kansa ba zai ji sosai ba. Ita tana ji. Maƙwabta sun lura yana yawan tayar da injin da yamma a tsakar gida, inda babu abin kaftu ko taki ɗaya.