Satar 'Yar Aike

Sufeto bai gama ajiye hularsa ba aka ce masa lauyan kamfanin waya yana ofishin maigida, shugaban caji ofis ɗin, kuma shi ake jira. Ya ja ƙaramin tsaki. Kullum sai an ƙwace wa wani waya da wuƙa a garin nan, bai taɓa ganin mai kwat ya zo a kan haka ba. Tunda yau kwat ta tako da ƙafarta, ya san maganar ba ta talaka ba ce.

Lauya ya yi bayani yana wani tauna harshe. Kamfaninsu ya fito da sabuwar waya mai murya a ciki, wadda mutane suka laƙaba wa 'Yar Aike. Ka yi mata magana ta kira maka wanda kake so, ta karanta maka saƙo, ka nuna mata takarda ta gaya maka abin da ke jiki. A sabuwar waya kaɗai aka yarda ta yi aiki. To ga shi wani ya ɓalle ta ya dasa a tsofaffin wayoyi, har ta cika kasuwa.

Sufeto ya tambaya ko an rasa wani abu a sito. Lauya ya ce ko kwali bai ɓata ba, amma sata sata ce. Injiniyoyinsu sun sha wahala kafin su haɗa ta, kuma doka ta hana fasa makullin manhajar wani. Maigida ya gyaɗa kai, ya ce yana son ganin mai laifi a bayan kanta yau ɗin nan.

A kasuwar waya shi da Sajensa ba su sha wuyar nema ba. Duk wanda Saje ya tambaya sai ya nuna wata 'yar rumfa a ƙarƙashin bene, ta wani mai gyara da ake kira Gwani. Suka same shi duƙe a kan teburi, ga tulin murafen waya, ga ƙarfen narka dalma yana hayaƙi, ga wani dattijo mai baƙin tabarau zaune a benci yana jira.

"Kai ne mai saka 'Yar Aike a tsohuwar waya?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Wa ya fasa makullin?"

"Ni na fasa. Ni kaɗai."

Har hannuwansa ya miƙo tun kafin a fito da ankwa. Abin bai kwanta wa Sufeto ba. Ya daɗe a aikin nan, kuma mai laifin gaskiya sai ya rantse da iyayensa kafin ya amsa. Ya karɓi tsohuwar wayar Saje ya ajiye a teburin, ya ce a fasa makullin a gabansa, tun daga farko.

Gwani ya jona wayar da wani ɗan filas na adana bayanan kwamfuta, ya danna nan ya danna can, aiki ya kammala. Sufeto ya ce ba kwafa ya ce a yi ba, ko shi da bai iya komai ba zai kwafa. Abin da ke cikin filas ɗin, yaya aka haɗa shi? Nan Gwani ya fara kame-kame, gumi yana bin wuyansa, ya kawo wannan ya kawo wancan, babu wanda ya haɗu da ɗan'uwansa.

Saje ya kunna wayarsa ya ce ta karanta masa saƙo. Muryar ta zubo da wani irin sauri kamar ana korar ta, ko kalma ɗaya ba su tsinta ba. Gwani ya yi wuf zai rage gudun, ya ce haka take zuwa, sai ya saita wa kowa. Sufeto ya tuna ta lauya da aka gwada masa da safe, a natse take magana.

Sai dattijon benci ya yi dariya. Ya ce shi dai ya ji sarai, matar Saje ce ke cewa ya taho da sabulu. Ya ce su marasa gani haka suke sauraron waya, kunnensu ya saba, ta masu ido tana sa su barci.

"Baba, wa ka sani da ya iya irin wannan aiki?"

Dattijo ya gane ya yi suɓul da baka. Ya ce shi bai san kowa ba, cajin wayarsa ne ya lalace. Ya lalubi sandarsa ya tashi, ko wayar bai karɓa ba.

Sufeto ya dubi Gwani, Gwani ya dubi ƙasa. Wanda ya haɗa abin nan da kunne ya haɗa shi, kuma ya manta ya mayar da shi daidai kunnen sauran mutane. Ya ce a sa wa Gwani ankwa, su je gidansa.

Matar Gwani ta tare su a tsakar gida da goyo a baya. Ta rantse babu kwamfuta a gidan, ɗakin baya kuma tarkace ne kawai. Saje ya tura ƙofar. Duhu ne a ciki, ya danna makunni babu wuta, ƙwan ya mutu har yanar gizo ta rufe shi. Da ya yaye labule sai ga teburi tsaf, kwamfuta a kai babu allon kallo, sai madannai da haruffansu suka goge, da abin sawa a kunne rataye a ƙusa. A bakin gado wata mata ce zaune da waya a cinya, ta juyo da fuskarta wajen ƙarar takalmansu.

Yayar Gwani ce, ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu. Malamar kwamfuta ce a wata kwaleji kafin hawan jinin ido ya cinye mata gani, aka sallame ta da godiya.

"Malama, kwamfutar wa ce wannan?"

"Tawa ce, Yallaɓai," Gwani ya yi caraf daga bakin ƙofa. "Yaya, kada ki ce komai."

Ta ce me makauniya za ta yi da kwamfuta. Sufeto bai yi musu da ita ba. Ya ce shi ke nan, tunda ƙaninta ya amsa, shi za a kai kotu, kuma lauyan kamfani ya sha alwashin sai an yi misali da shi. Jaririn da ke bayan matarsa zai iya shiga makaranta uban bai fito ba. Yana faɗa yana jin ƙyamar bakinsa, domin ya san inda yake soka. Ya ce wa Saje su tafi.

Ƙarar ankwar ce ta yi aikin. Ba su kai ƙofar gida ba ta kira shi.

"Ku kwance shi. Shi ko layi ɗaya bai iya rubutawa ba. Ni na yi."

Gwani ya durƙushe a wurin yana kuka kamar yaro. Ita kuwa ko gezau. Ta ce kamfani ya yi shela cewa tsohuwar waya ba za ta iya ɗaukar muryar ba. Da ta bincika sai ta tarar ƙarya ce, wani ɗan shinge kawai suka saka mai duba shekarun waya ya rufe ƙofa. Shi ta cire. Wa kanta ta fara yi, don ta gaji da jiran wanda zai karanta mata kwalin magani. Sai ƙawarta ta ji, sai ƙawar ƙawarta, sai ta ba ƙaninta ya riƙa saka wa duk mai so. Ko sisi ba su karɓa ba.

"Amma kin san ƙofar ba taki ba ce."

"Na sani, Yallaɓai, ba zan ce maka ban sani ba. Su suna sayar da ita don masu ido su huta da danne-danne. Mu da ita muke gane maganin safe da na dare. Ka gaya wa lauyanka na amsa."

Sufeto ya dubi kwamfutar. A doka lauya ne da gaskiya, kuma doka aka ba shi ya riƙe. Masu wuƙa suna can suna shan iska, shi kuma yau ya yi babban kamu.

Saje ya kwance Gwani ya nufo ta da ankwar. Sufeto ya harare shi, ya ce da wane hannun za ta riƙe sanda. Saje ya mayar da ita ƙugu, ya fito da ledar kayan shaida, ya ce wayar fa dole a karɓa.

Ta roƙa a bar mata ita zuwa mota kawai, don ita ke gaya mata abin da ke gabanta a titi. Saje ya dubi Sufeto. Sufeto ya san lauya zai tambayi lokacin da aka karɓe ta, kuma ya san maigida. Ya kawar da kai. Ta shafa wayar, ta kashe ta da kanta, ta miƙa wa iska har Saje ya karɓa.

Cikin gida ba ta nemi kowa ba, ta san kowane lungu. A bakin ƙofar waje ta tsaya cak, ga ƙarar babura, ga maƙwabta sun taru suna kallo. Gwani ya taso zai kama ta, ta ce ya koma wajen iyalinsa, ya isa haka.

Sufeto ya matsa ya ɗora hannunta a gwiwar hannunsa.

"Akwai kwata a gabanki, Malama. Ɗaga ƙafa."

Ta ɗaga. Haka ya riƙa gaya mata hanya, nan dutse, nan rami, har ya kai ta motar da za ta kai ta bayan kanta.