Laimar Zornitsa da Shamuwar Kan Turke

Rigimar Zornitsa da kakarta, Kaka Tsveta, a kan laima aka fara ta. Rana tarwai, ko ɗigon ruwa babu, amma yarinyar nan sai ta buɗe baƙar laima ta kifa a kai, tana tafe tana kallon takalmanta kamar wadda ta yar da allura.

"Mutanen gari cewa suke likitoci sun haɗa da hankalinki sun yanke," in ji Kaka.

Shekara uku ke nan da aka yi wa Zornitsa aiki a asibitin birnin Plovdiv, aka cire mata wani ƙari da ba a cika gani ba, a halittar nan ta bayan tumbi mai daidaita sukari. Likita ya ce yawanci ba ya dawowa, amma a riƙa ɗaukar hoton cikinta duk wata shida. Kalmar "yawanci" ɗin nan ita ta tsaya mata a wuya.

To, ran ɗaya ga Maris, da a al'adarsu kowa ke ɗaura wa nasa zare ja da fari a hannu don neman lafiya, Momchil ma'aikacin lantarki ya ɗaura mata nasa, ya haɗa da maganar aure. Zaren ba a kwance shi sai an ga shamuwar farko. Don ta samu sakamakon hotonta ya fito tukuna, sai ta ce zai ji amsa ranar da ta kwance zaren. Ta manta aikinsa ke nan, kafa wa shamuwa wurin sheƙa a kan turakun wuta. Kafin mako ya kafa ɗaya daidai ƙofar gidansu, daga baya shamuwa biyu suka tare, suna ta ƙwas-ƙwas da baki. Kaka ta ce ko kurma ya ji su. Zornitsa ta ce ji daban, gani daban. Tun ranar ta shiga kifa laima don kada ta gan su.

Ranar da ta dawo daga Plovdiv da sakamakon hoton, ta tarar da Momchil zaune gindin turken yana cin waina mai cuku da Kaka ta ba shi. Daga ƙarƙashin laima ta gaya masa: ƙarin ya dawo, ɗan ƙarami a hanta, za a sake aiki ranar Talata. Tsoro ne fal cikinta, ba na wuƙar likita ba, na kada ya zauna da ita don tausayi.

"Ka je ka nemi mai lafiya, Momchil... Ni ban san sau nawa zai dawo ba."

Ya goge maiƙo a wando. Ya ce shi ma bai sani ba, amma sati uku ya yi yana hawa turke da kifi a aljihu don ya lallashi tsuntsayen nan, har kuliyoyin unguwa na bin sa, ba zai yi asarar mutuncinsa a banza ba.

"Masoyiyata, ranar Talata a ƙofar ɗakin aikin zan tsaya. Abin da nake son sani, in suka tambayi ko ni waye, me zan ce?"

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye. Kaka, da ke laɓe bayan shinge tun ɗazu, ta miƙo hannu ta fizge laimar.

Zornitsa ta ɗaga kai. Ga shamuwa ɗaya tsaye da ƙafa ɗaya tana hararar ta. Ta miƙa masa hannunta mai zare.

"Kwance a hankali, kada ka tsinka. Ka ce musu kai mijina ne."