Dubiya a Gidan Malam Yahaya

Radiya na tankaɗe a tsakar gida sai ga Gwaggo Kadi, ƙanwar Malam Yahaya, kanta ɗauke da ƙwaryar fura.

"Ina Yaya? Na dama masa da hannuna, sukari har da zuma, ya samu ƙarfin jiki!"

Shekara uku ke nan Malam Yahaya, surukin Radiya, mahaifin mijinta Safiyanu, yana fama da ciwon sukari da hawan jini, ga gwiwa ta hana shi masallaci. Mutanen Ollelewa kuwa ba sa zuwa dubiya hannu rabbana. Wannan ya kawo dabino, wancan kilishi, wani ya zauna ya dafa shayi mai kauri. Dattijo kuma kunya ba ta barinsa ya ce a'a. Sau biyu ana kwasarsa ranga-ranga zuwa asibitin Tanut.

Radiya ta durƙusa. "Gwaggo, ki yi mini aikin gafara, majo na ɗakin shan magani ya hana Baba zaƙi."

"Ke! Ni za ki mayar wa ƙwarya? A gidan ubana?"

Kafin la'asar magana ta zagaye dangi, wai matar Safiyanu na horon tsoho da yunwa. Aka kira Safiyanu zaure, aka ce ko ya mayar da ita gidansu, ko a daina taka gidan. Ya same ta a ɗaki tana kuka.

"Share hawayenki. Wallahi ba inda za ki! Amma Radiya, in dangi suka ƙaurace, baƙin ciki ne zai kashe Baba kafin sukari."

Ta share hawayenta. "Gaskiyarka. Ba mugunta ke kawo su ba, ƙauna ce. Ni ce na hana su, ban ba su abin yi ba."

Washegari suka je wurin majo, shugaban ɗakin shan magani, suka tambayi abin da jikin Baba ke bukata. Daga nan Radiya ta bi gida-gida. Amadu mai shayi ya yarda zai cire kofin Malam kafin ya zuba sukari, kuma ya riƙa taka masa zuwa gindin aduwa. Shu'aibu mai moto, wato babur, ya ɗauki nauyin kai shi randebu, ganin majo, duk wata. Saura Gwaggo, wadda ko sallamarta ba ta amsa ba.

"Gwaggo, majo ya ce mai sukari yakan ji rauni a ƙafa bai sani ba, sai an duba kullum. Ni suruka ce, da wane ido zan taɓa ƙafar Baba? Ke kaɗai ce ba zai janye wa ba."

Gwaggo ta taɓe baki. "Don Yaya zan zo, ba don ke ba."

Ta zo kuwa, kullum da hantsi, tana duba tana mita. Rana ta tara ta kurma ihu: ƙaya ce ta nutse a dunduniya, wurin har ya fara ruwa, Malam bai ji komai ba. Shu'aibu ya tada moto. Majo ya wanke, ya ɗaure, ya ce da an ƙara sati guda, da sai dai a yanke ƙafar.

Gwaggo ta fito tana dukan ƙirji. "Ni na gani! Da idona!" Sai kuma ta sassauta murya, ta kamo hannun Radiya. "Amma ƴar nan ce ta buɗe mini idon."

Bayan damina Malam Yahaya ya taka zuwa masallacin Juma'a da ƙafarsa, unguwa na biye da shi, kowa na jin shi ya yi jinyar. Da ya dawo ya tsaya bakin zaure gaban dangi, ya kira ɗansa.

"Safiyanu, sun ce ka kore ta, ka ƙi. Yau na yi alfahari da kai. Ita kuwa daga yau kar in ji an ce suruka. Ƴata ce!"

Radiya ta rufe fuska da mayafi, hawayen daɗi na zuba.

Ƴan'uwa, jinya ba aikin mutum ɗaya ba ce, kuma ƙauna sai da sani take magani. Wadda ta yi haƙuri da dangi ta ba kowa gurbinsa, za ta tsira da majinyacinta, ta tsira da aurenta.