Ranar da Muryar Kanari Ta Tsinke

"A sake ɗauka!"

Kanari ce ta faɗa, tana tsaye gaban makirufo, gumi na bin wuyanta. Duk sanda ta zo gaɓar da za ta ɗaga murya, sai muryar ta tsinke kamar ruɓaɓɓen zare.

Injiniya, mai haɗa mata sauti kuma saurayinta, ya kashe na'ura ya shigo.

"Ya isa haka, abar ƙaunata. Gobe sai asibiti."

"Mura ce kawai..."

"Ni za ki ɓoye wa? Ni da nake jin numfashinki a kunnena kullum?"

'Yar amshinta, wadda ake kira 'Yar Gayu, tana gefe tana danna waya, tana murmushi.

Likita bai yi mata rufa-rufa ba. Tsiro ne a maƙogwaro, sai an yi aiki, bayan aiki kuma ba magana sai ya ba da izini. Muryar za ta dawo, amma ba lallai ta dawo yadda take ba.

Haka mawaƙiyar da mutane ke turereniya don su gan ta ta koma gidan Yayanta, tana neman ruwan sha da nunin hannu.

"Dama na faɗa miki," in ji Yaya, "yaron nan muryarki yake so. In saniya ta daina nono, wa kika ga yana bin ta da ƙwarya?"

Ba bakin ramawa, sai hawaye.

Wata rana da hantsi 'Yar Gayu ta zo dubiya, turarenta ya riga ta shigowa.

"Sannu Anti! Manaja ya ce ni zan hau wasanninki. Sabuwar waƙarki ma ni zan rera... Injiniya ne zai ɗauke ni."

Ta miƙo waya. Ga shi nan a hoto, zaune gaban na'urarsa, ita kuma ta dafa kujerarsa.

Kanari ta buɗe baki za ta yi ihu, ta tuna ɗinkin da ke wuyanta, ta haɗiye. Nan take ta toshe lambarsa. Kullum ya zo, Yaya ya sallame shi daga bakin ƙofa.

Waƙar ta fito da muryar 'Yar Gayu. Har a kicin ɗin maƙwabta Kanari take jiyo ta.

Ranar da likita ya ba ta izinin magana, matar Yaya ta gaji da ganin Injiniya tsaye a rana, ta shigo da shi falo. Ya rame, kamar shi aka yi wa aikin.

"Na bar situdiyo," ya ce. "Ranar da aka ɗauki hoton nan suka ce in goge muryarki in ɗora ta 'Yar Gayu. Na ajiye musu makulli na fito. Wani suka sa ya yi."

Kanari ta buɗe baki a hankali.

"Ka ji... abin da ya rage."

Muryar ta fito a dishe, ƙasa-ƙasa, kamar ta wata. Ita kanta sai da ta razana, ta rufe fuska.

"Buɗe idonki, sanyin idona. Wannan muryar ba ta tashi sama, amma ƙirji take shiga. Ko da ma ba ta dawo ba, ni aure na zo nema, ban zo neman waƙa ba."

"Ka yafe mini..."

Sai suka ji gyaran murya. Ashe Yaya yana bakin ƙofa tun ɗazu.

"Kai ba aiki, ita ba murya. Me za ku ci? Amshi?"

Matarsa ta tuntsire da dariya. Yaya ya sosa ƙeya, ya kau da kai.

"Ka turo manyanka."

Bayan aurensu ta yi wasanta na farko a wani ƙaramin ɗakin taro, kujerun baya duk babu kowa. Wata mata ta ɗaga murya daga tsakiya tana neman tsofaffin waƙoƙi.

"Waɗancan sun tafi da tsohuwar murya, Hajiya," in ji Kanari. "Ki saurari wannan."

Ta kalli mijinta can bayan na'ura. Ya ɗan ƙaro mata sauti, ya gyaɗa kai.

Tana fara rerawa ɗakin ya yi tsit.