Biskit Ɗin da Ya Yi Laushi

A bana yaran Zongo ba su da wata hira sai ta 'Yan Dodanni. Halittu ne na wani wasan zane da ake nunawa a talabijin. Hotunansu suna zuwa a kan kati, ɗaya a cikin kowace ledar biskit. Akwai Kunkurun Wuta, akwai Kifi Mai Fukafukai. Amma wadda kowa ke nema ita ce Barewar Wata, mai ƙaho kamar jinjirin wata.

Wata yarinya 'yar aji biyar har mafarkin barewar nan take yi. Mahaifiyarta kuwa, wadda take kira Mma, tana sayar da biskit ɗin a tebur a ƙofar gida.

Ran Asabar Mma ta tafi kasuwar Adidogomé. Yarinyar ta jawo kwalin biskit. Ta sa reza tana tsaga ledojin, tana zare katunan. Ta samu barewar, ta rungume ta a ƙirji. Sannan ta kunna kyandir ta liƙe bakin ledojin, yadda Mma ke liƙe ledar gyaɗa.

Liƙin bai kama sosai ba. Iskar teku ta shiga, biskit ya yi laushi.

Bayan kwana biyu maƙwabciyarsu Tanti Adjara ta zo, tana jan ɗiyarta Muhsinat da ke kuka.

"Hajiya, ciza nan ki ji," in ji Tanti Adjara. "Biskit ne ko tuwo? Kuma babu kati a ciki. Yara huɗu ke nan a layinmu da hakan ya same su. Ana cewa ke ce kike cire katunan."

Mma ta miƙe tsaye.

"Ni? Shekara goma sha biyu ina kan teburin nan, ko ashana ban taɓa zare wa mutum ba. Samir ne, mai sayar mini da kaya. Yanzu zan je shagonsa, gaban jama'a zan faɗa masa shi macuci ne."

Ta figi mayafinta, ta ɗaga wa mai babur hannu.

Yarinyar ta tuna Samir, tsohon da ke tambayarta karatu kullum. Ta riƙe zanin Mma.

"Mma, kada ki je. Ni ce."

Ta shiga ɗaki ta fito da katunan.

"A gidana?" in ji Mma. "Kin ci amanar yaran mutane, kin ɓata mini suna, saura kaɗan ki sa in wulaƙanta bawan Allah. Duk a kan barewar takarda?"

"Ki yafe mini, Mma."

"Ba ni kaɗai kika cuta ba. Sa takalminki."

Suka bi layin gida gida. A kowace ƙofa yarinyar ta faɗi laifinta da bakinta, ta miƙa sabon biskit, yaro ya zaɓi katin da yake so. Tun a gidan farko aka ɗauke barewar. Yarinyar ta haɗiye kukanta, suka wuce gida na gaba.

Da safe sai ga Muhsinat a gaban tebur.

"Mamata ta ce a ba ni leda biyu. Ta ce a nan za mu riƙa saye, don gidan nan ana faɗin gaskiya."

Mma ta yi murmushi, ta tura wa ɗiyarta kwalin. "Ke za ki ba ta."

Yarinyar ta gane cewa kome yadda kake son abu, ba a samunsa ta hanyar cin amana. Idan kuma ka yi laifi, ka faɗa kafin a ɗora wa wani.