Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Mai Hoto ya shigo shagon da kwamfuta a rungume, gumi na bin wuyansa. Yana neman mai gyara, sai ya tarar da wata budurwa zaune bayan teburi, ta tura gilashinta saman goshi, tana hura ƙura daga cikin wata na'ura.

"Ina ogan?"

"Ga shi kana magana da shi," ta ce ba ta ɗago ba. "Me ya same ta?"

Sai a lokacin ta dube shi, shi kuwa bayanin da ya tsaro tun daga gida ya watse. Da ƙyar ya faɗa mata hotunan bikin wasu ne a ciki, bai kwafe su ko'ina ba, kuma uwar amarya ta kusa ƙona masa waya da kira.

Duk layin Injiniya suke ce mata. Ta danna maɓalli. Tambari ya fito, 'yan ɗigo suka yi ta juyi, allo ya yi baƙi, ta sake farawa daga farko.

"Haka take yi tun safe," ya ce.

"Me ka yi mata kafin nan?"

"Wallahi ba komai."

"Kowa haka yake cewa."

Ta zare ɗan filas na ajiyar bayanai da linzamin kwamfuta da ya bari a jiki, ta gwada, babu canji. Ta kashe ta da ƙarfi sau biyu, a na uku wani shuɗin shafi ya bayyana. Ta yi murmushi.

"Tana cikin sabunta kanta ka rufe ta, ko?"

Ya sosa ƙeya. "Caji ne ya ƙare."

Kafin ta taɓa komai sai da ta kwafe masa hotunan a wani faifai, sannan ta cire sabuntawar da ta tsaya rabi. Kwamfuta ta tashi garau. Ya yi godiya har ta gaji da amsawa, ya fita, ya dawo wai ya manta linzami.

Sati bai cika ba ya sake zuwa. Wannan karon kwamfutar ƙara kawai take yi, allo duhu. Injiniya ta buɗe bayanta, ta tarar ram, ɗan allon ƙwaƙwalwarta, ya goce, ta mayar. Suka yi hira har shayinta ya huce. Bayan 'yan kwanaki, ga shi kuma da matsala iri ɗaya. Mai sayar da waya na kusa da ita, wanda ya daɗe yana aika mata lemo tana mayar masa, ya leƙo yana dariya.

"Injiniya, ko dai hannun ya fara sanyi ne?"

Ta juya kwamfutar, ta ƙura wa kusoshin ido. Kawunansu duk sun cinye, alamar wani ya kwance su da wuƙa. Mai Hoto ya ga fuskarta ta sauya.

"Kai kake zare ram ɗin," ta ce a hankali. "Ni ina nan ina zargin aikina, ana yi min dariya, ashe wasa kake da ni. Ɗauki kayarka."

Ya kwashe kwanaki abinci ba ya masa daɗi. Daga ƙarshe ya rubuta mata:

"Injiniya, na yi wauta. Ban san yadda zan ce ina son ganinki ba, shi ya sa na ɗora wa kwamfuta ciwo. Lafiyarta ƙalau. Ni ne ba lafiya."

Sai washegari amsa ta zo:

"Ba na gyaran mutane. Amma in za ka zo, ka zo hannu rabbana, ka bar baiwar Allah ta huta."

Ya karanta har ya haddace.

Daga nan abu ya yi nisa. Yana ce mata Injiniyata, ita tana ce masa Sarkin Ɓarna. Da ya kai maganar gida, Umma ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Mace a shago, maza na shiga suna fita? Yaushe za ta kula da kai? Ba da ni ba."

Bai yi musu da ita ba, amma ya rame har wandunansa suka fara zamewa. Rannan da hantsi Umma ta yafa mayafi ta nufi shagon ba ta gaya wa kowa ba. Ta zauna a benci kamar mai jiran wani. Ta ga yadda yarinyar ta sallami wani saurayi mai yawan surutu da kalma biyu, ta kuma ga yadda ta zauna da wani tsoho tana maimaita masa abu ɗaya ba gajiya. Can Injiniya ta kawo mata ruwa ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Umma. Idonku iri ɗaya ne da shi."

Umma ta daure fuska. "In na ce ki bar aikin nan fa?"

"Zan ba ki haƙuri, Umma, in ta ba ki har ki yarda. Ina son aikina, ina kuma son ɗanki. Ba zan yi miki ƙarya a kan ko ɗaya ba."

Umma ta karɓa ta shanye ruwan.

Da ta koma gida ta tarar da shi a tsakar gida ya yi tagumi. "Tashi ka je ka kira min kawunka," ta ce. "Kuma ka ci abinci, kada su ce ba na ba ka."

Ranar ɗaurin aure, a karon farko wani ne ya riƙe kyamara, Mai Hoto yana gabanta yana rasa inda zai sa hannuwansa. Baban Injiniya ya haɗa hannayensu, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da haƙuri da juna. Umma ta jawo amarya jikinta ta rungume.

"'Yata," ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Na ba ki shi, ki riƙe min shi da kyau."

Ɗaki ya amsa da amin.