Faifai na Biyu

Ku matso, ku rage fitilar. Ke Ladidi, daina taunar nan.

Kun san mijina marigayi Barau mai hoto ne. Hotunan biki da na suna na garin nan duk suna cikin kwamfutarsa, a faifan ajiya guda. Shi kullum yana bayan kyamara. Hotonsa ɗaya tak ne a duniya, yana cikin faifan nan.

Bayan na fita takaba faifan ya fara ƙas-ƙas kamar agogo. Na ɗora akwatin kwamfutar a ka, na kai wa Sanusi mai gyara. Ya ce faifan mutuwa zai yi, sai an haɗa masa na biyu, duk abin da aka rubuta a ɗaya ya shiga ɗayan. Ya faɗi kuɗi.

Na ce, "Sanusi, faifai na zo saya, ba shagonka ba."

"Gwaggo, ke ko likkafani sai kin taya."

Na ɗauki kayana. Ranar Juma'a ce, rana tsaka, maza duk sun tafi masallaci. Na yanke ta lungun bayan tsohon sito. Sai ga shago a buɗe. Tun ina yarinya nake bin lungun, ban san shi ba.

Wani mutum yana zaune, farin kaya, kai a sunkuye.

"Shigo, matar Barau."

Bakinsa na gabana. Muryar ta bayan kunnena ta fito.

Na ce, "Nawa?"

"Yadda kika ce."

Na yanka kuɗi ƙasa, har ni na ji kunya. Ya ce to. Wanda bai ja ciniki ba, ku ji tsoronsa.

Ya kwance akwatin. Ya zaro waya ja, ya soka a allon ciki. Ya ɗauko nasa faifan daga aljihu, yana naso kamar randa. Babu wuta a unguwar ranar, amma kwamfutar ta kama, fuskarta shuɗiya. Rubutu ya fito, ni ba karatu nake ba.

Ya ce, "Wanne zai zuba wa wanne?"

Na nuna na Barau. "Naka ai fanko ne."

"Babu fanko," in ji shi. "Kowanne zai ba ɗan'uwansa."

Ya danna. Ƙas-ƙas ɗin ya tsaya. Na ajiye kuɗi, na fita, ban waiwaya ba.

Washegari na kai wa Sanusi don ya ga an yi babu shi. Ya kunna. "Faifai biyu take nunawa, duka lafiya." Ya buɗe akwatin. Faifai ɗaya ne. Jar wayar tana reto, ba ta shiga komai ba. Ya mayar da murfi a hankali.

"Gwaggo, kar ki ƙara kawo min ita."

Hoton Barau yana nan, ban rasa shi ba. Amma duk Juma'a sabon hotonsa ke shigowa. Yana zaune a shagon lungun nan, kyamara a cinya, yana kallon ƙofa. Gemunsa ya fara fari. Shi da ya rasu babu furfura ko ɗaya.

Ba na kuka. Ina dubawa, in kashe, in je in ɗora tuwo.

Sanusi ya ce in zare wayar. Ban zare ba. In nasa yana zuwa min, ƙila nawa yana zuwa masa.

Lungun bayan sito, in liman ya hau mumbari, kada wadda ta bi shi ita kaɗai. Ladidi, da ke nake. Ku tashi ku kwanta.